Tarho Mai Kaɗa Idanu: Nawa Ne Kuɗin Tsohon Abin Wasa?

A hutun da ya wuce, kafin in hau motar Maraɗi, na biya ta kasuwar Katako in nemi tsarabar da ba za ta fi ƙarfin aljihuna ba. Duk wanda ya zauna Yamai ya san Katako: abin da ya mutu a ko'ina cikin duniya, can ake kai shi ya farfaɗo. A gaban wani mai kayan gwanjo, cikin tulin takalman yara da ƴan tsana marasa hannu, na hangi wani tarho na roba mai tayoyi huɗu, da fuska a gaba, da idanu biyu. In ka ja igiyarsa sai idanun su riƙa hawa da sauka, in ka juya faifan lambobin sai ƙararrawa ta kaɗa. Mai kaya ya ce jika ɗaya, na taya dala sittin, muka daidaita a dala ɗari. Ɗiyar yayata na saya wa, yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba.

Da dare abokin ɗakina, wanda ke karatun tattalin arziki, ya ɗauki tarhon yana jujjuyawa. Sai ya ga an rubuta Fisher-Price, da shekarar 1961. Nan take ya shiga eBay a salularsa, ya zaro ido, ya ce, "Kai, ka san abin da ka sayo kuwa? Da dala ake saida wannan!" Na ce ai ni ma da dala na saye shi. Ya ce ba dalarmu ta sefa biyar yake nufi ba, ta Amurka. (Dalarmu da tasu kakarsu ɗaya, tsohon kuɗin azurfa na Jamusawa da ake ce ma tala, amma tun tuni zumunci ya yanke.) Ya rantse kar in ba yarinya, wai da tsohuwar zuma ake magani. Ban saurare shi ba, na kai mata. Amma maganar ta tsaya mini a rai, na ƙare hutun ina bin tarihin wannan tarho, kuma abin da na samu bai yi wa kowa daɗi ba, daga shi har yayata.

Mu ɗaliban ilimin harshe ciwonmu ke nan, ba mu iya ganin abu mu ƙyale sunansa. Kalmar roba aro ce daga Ingilishi, kuma a can sunan danƙo ne, wanda ake tatsa daga itace a yi taya. Mu kuwa muka shimfiɗa ta a kan komi: bokiti roba, buta roba, kujera roba, takalmi roba. Leda ma haka, a asali sunan jemammiyar fata ne, yau ga ta rataye a kan kowace ƙaya a bakin gari. Abin da muke kira da suna ɗaya, a wajen masu haɗa shi iri-iri ne, kuma kowane iri da yadda yake tsufa. Duk mai son yi wa tsohon abin wasa kuɗi, sai ya fara da tambayar wace roba ce.

Ta farko da ta shiga hannun yara ita ce seluloyid, wadda wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ya fitar wajen 1870 yana neman abin da zai maye gurbin hauren giwa. Da auduga da kafur ake haɗa ta. An yi ƴan tsana da kayan kacau-kacau na jarirai da ita shekara da shekaru, ba ta da nauyi, tana ɗaukar launi, sai dai tana kama wuta kaman an zuba mata fetur. In ta tsufa takan yi tsatsattsage kaman busasshen tabki. A 1907 Leo Baekeland ya haɗa bakelit, mai tauri da duhun launi. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da polietilen, wadda aka yi ta naɗe wayoyin rada da ita lokacin yaƙin duniya na biyu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, masana'antun da suka saba yi wa soja aiki suka rasa mai saye, a daidai lokacin da Amurka da Turai suka shiga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Masana'anta na neman kasuwa, gidaje sun cika da jarirai. Nan ne zamanin kayan wasan roba ya fara.

Yadda ake yin su shi ne mabuɗin maganar kuɗinsu. Ana narkar da ƙwayoyin roba ne, a tura su da ƙarfi cikin wani mazubi na ƙarfe, a bari su huce, abu ya faɗo. Sassaƙa mazubin ke da tsada. In an gama shi, kowane abin da zai fito daga ciki kusan kyauta ne, shi ya sa ba a yin ɗari ko dubu, sai miliyoyi. Kamfanin Lego na Danmak ya sayi irin wannan inji a 1947, ya fara ƴan bulullukansa a 1949 da robar asetat. Ita asetat da tafiya ta yi tafiya sai ta lanƙwashe, wani lokaci ta riƙa tashin tsami kaman ruwan kal, don haka a 1963 suka koma wata mai suna ABS. Ita kuma ABS ba ta lanƙwasa, amma rana na mayar da farinta rawaya. Akwai PVC, wadda ake yi wa haɗin wani mai don ta yi laushi, a yi kawunan ƴan tsana da ƙananan dabbobi. In ta daɗe man ya riƙa tsattsafowa, ka taɓa ka ji danƙo a hannu, ka wanke ya dawo.

Shi kamfanin da ya yi tarhona ba da roba ya fara ba. An kafa Fisher-Price a 1930 a wani ɗan gari, East Aurora, cikin jihar New York, ana tsakiyar karayar arzikin duniya. Mutum huɗu ne: Herman Fisher, Irving Price, matarsa Margaret Evans Price mai zanen littattafan yara, da Helen Schelle. Sunan maza biyun ne ya hau allo, ku lura. A 1931 suka fito da kayan wasa 16, duka na katako, an manna musu takarda mai zane. Roba ta fara shiga ne a 1950, a fikafikan wani ƙudan zuma da ake ja da igiya. Tarhon ya zo a 1961, gindinsa katako. A 1968 suka fitar da gidan gona mai lamba 915, wanda ƙofarsa ke kukan saniya in an buɗe, a 1969 kuma gida mai lamba 952, dukansu da wasu ƴan mutane ƙanana da ba su wuce tsawon babban yatsa ba, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna Little People.

To, in dawo kan 1961 ɗin da ta ruɗi abokina. Abin wasa rubutu ne, ana karanta shi kaman yadda malamanmu ke koya mana karanta tsohuwar takarda: ba abin da ta faɗa kaɗai ba, har da wanda ya rubuta da lokacin da zai yiwu a rubuta haka. Shekarar da ke jikin abin wasa ta rajistar zanen ce, ba ta ranar da aka ƙera shi ba, kuma an ci gaba da buga ta shekaru da yawa bayan haka. Da na duba nawa da kyau a hasken rana, sai ga sunan Quaker Oats a ƙasan na Fisher-Price. Quaker Oats kamfanin hatsi ne da ya sayi Fisher-Price a 1969, ya sake shi a 1991, kafin Mattel ya haɗiye shi a 1993. Ke nan tarhona ba zai girmi 1969 ba. Na ƙwanƙwasa gindinsa, roba ce ba katako ba, wato na ƙarshen wannan zangon ne, cikin shekarun 1980. Shekara ashirin da ɗoriya suka zube daga lissafin abokina cikin minti biyar.

Akwai wasu alamomin masu amfani ga duk mai tona tulin gwanjo. In ka ga an ce a Jamus ta Yamma aka yi, abin ya girmi 1990. In ka ga tambarin CE, bai girmi wajen 1990 ba, lokacin da dokar Turai ta 1988 kan lafiyar kayan wasa ta fara aiki. In akwai adireshin intanet, to, ɗan bayan tsakiyar shekarun 1990 ne. Sunan Hong Kong yakan nuna shekarun 1960 zuwa 1980, don tun 1972 ita ce ta fi kowa fitar da kayan wasa a duniya, kafin masana'antun su tsallaka cikin Sin. Kuma a yi hattara, an sake ƙera irin wannan tarhon da tsohuwar siffarsa don masu marmarin da, sabo fil amma da fuskar kaka.

Bayan shekaru sai lafiyar abu, kuma nan ne na fi jin daɗin binciken, don ma'aunin masu tara waɗannan kaya ya saɓa da namu gaba ɗaya. Mu in abu yana aiki, lafiya lau yake. Su kuwa wanda ya fi daraja a wajensu shi ne wanda yaro bai taɓa taɓawa ba, yana cikin kwalinsa ba a ko buɗe ba. Ku yi tunani: abin wasan da ya kasa yin aikin da aka yi shi dominsa, shi ne sarki. Dalili a fili yake. Ɗan shekara ɗaya ko biyu ba ya wasa da abu, yaƙi yake da shi. Ya ciza, ya jefar, ya zauna a kai, ya ja shi cikin taɓo. Kwali kuwa ranar farko ake yaga shi. Daga miliyoyin da aka yi, waɗanda suka tsira ba tabon haƙori kaɗan ne, kuma ƙarancin ne ake saye.

Daga nan sai a sauko mataki-mataki. Shin kayan sun cika? Gidan gona ba saniya, ba shinge, ba ɗan kare, kuɗinsa ya faɗi warwas, har ma wani lokaci ɗan mutum ɗaya da ke wuyar samu ya fi gidan kansa tsada, don shi ne ke fara ɓacewa a ƙarƙashin gado. Shin takardar zanen na nan, ba ta ɗago ba, ba ta koɗe ba? Ƙararrawa na kaɗawa, ƙofa na kuka? Ana duba tsaga a wajen ƙusoshi, ana shinshina warin rima, ana neman sunan yaro da uwa ta rubuta da alƙalami a gindi. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wanki. Ranar da na kai tarhon, Yaya ta tsoma shi cikin ruwan omo, ta dirje shi da soso, don ba za ta ba ɗiyarta kayan bola haka nan ba, kuma gaskiyarta. Da ya bushe, gefen bakin fuskar ya saluɓe. A idon mai tarawa, wannan wankin ya fi shekara talatin na ƙura ɓarna. Wasu na shafa wa robar da ta yi rawaya ruwan oksijene na wanke ciwo su shanya a rana, ta yi fari, amma rawayar kan dawo, kuma masu saye na ƙin abin da aka yi wa kwaskwarima.

Ƙasarmu kuma ba ta raga wa roba. Abin da ya yi shekara talatin a ɗakin ajiya mai sanyi a Turai, ya sha gishirin teku cikin kwantena zuwa Kwatano ko Lome, ya zo ya kwanta a kan buhu a Katako cikin zafin Afrilu da ya wuce digiri 40. Hasken rana na tsinka robar daga ciki, ja ya koma ruwan hoda, fari ya koma ruwan ƙwai, abu ya yi gautsi. Ku tuna butar da aka manta a tsakar gida rani ɗaya.

Sai kasuwa. Farashin da abokina ya gani na mai nema ne, ba na mai biya ba, kaman jika ɗayan da mai gwanjo ya fara faɗa mini. In ka duba waɗanda aka riga aka sayar, sai ka ga irin nawa, na shekarun 1980, ba kwali, fuska a saluɓe, ba ya kai kuɗin aika shi daga Yamai zuwa Amurka. Su wa ke saye ma? Manya ne ƴan shekara arba'in, hamsin, sittin, da suka ja wannan tarhon a ɗakin uwayensu, yanzu suna da albashi suna son su sake ganinsa. Ƙuruciyarsu suke saye. Har gidan tarihin wasa suke da shi a Rochester, inda aka karrama Little People a 2016, tarhon kuma ya fito a fim ɗin Toy Story 3 a 2010. Iyayenmu da suka yi motar kara da shanun laka da ƴar tsanar ƙashi ba su da abin da za su saya, damina ɗaya ta cinye musu komi. Ni dai ban ga laifin mai sayen tunanin yarintarsa ba. Amma darajar tana cikin kansa ne, ba cikin robar ba, kuma ba ta hawa kwantena ta biyo abin zuwa nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi wa abokina dariya na bar wa yarinya kayanta. Amma ina zaune ina karatu a salula, ita tana gabana da jan kan tarhon cikin baki, tana goga sababbin haƙoranta, sai na kai ga maganar launi. A shekarun 1960 zuwa 1980, kamfanoni da yawa a ko'ina suna samun ja da rawaya masu haske ne daga sinadaran kadmiyom da na dalma, ana kuma sa dalma cikin PVC don kar ta lalace. Doka ba ta hana ba a lokacin. A 2018 wani masani a jami'ar Plymouth ta Ingila, Andrew Turner, ya auna tsofaffin kayan wasan roba 200 da ya tattaro daga gidaje da wuraren renon yara da shagunan gwanjo. Ya samu waɗannan ƙarafa a da yawa daga ciki, musamman ja da rawaya da baƙi, ya kuma jiƙa wasu cikin ruwa mai tsami irin na cikin ɗan Adam, ya ga suna sakin abin da ya wuce iyakar dokar Turai ta yau. Wato launin nan mai kyau da mai tarawa ke nema, wanda bai koɗe ba, shi ne abin tuhuma.

Dokokin a hankali suka zo, kowace bayan an sha wuya. Amurka ta hana fenti mai dalma a 1978. Turai ta hana wasu daga man da ke tausasa PVC a kayan da jarirai ke tsotsa a 1999. A 2007 aka janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya masu sunan Fisher-Price daga kasuwa saboda fentin dalma da wani ɗan kwangila a Sin ya yi amfani da shi, abin da ya taimaka wajen kawo dokar Amurka ta 2008. Su ma ƴan mutanen nan ƙanana, da masu tarawa ke ƙirgawa ɗaya-ɗaya, an ƙara musu ƙiba a 1991 don tsofaffin na iya maƙalewa a maƙogwaron yaro. Abin da duk aka yi kafin waɗannan shekaru bai san da dokokin ba. Kuma in uwa a Turai ta share ɗaki ta kai kayan sadaka, ba wanda ke auna su a hanya kafin su iso hannun ƴaƴanmu.

Mu nan ba baƙin kalmar gubar dalma ba ne. Mun ji abin da ya faru da maƙwabtanmu a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Ba na haɗa wancan bala'i da tsotsar abin wasa, tazarar tana da nisa ƙwarai. Amma likitoci sun daidaita a kan cewa ba wani ɗan ma'auni na dalma da za a ce ba komi ga ƙaramin yaro, tana taruwa ne a hankali, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ido ba ya ganinta, omo ba ya fitar da ita. Na'urar da ke ganewa a ɗakin bincike take. Abin da ido ke iya gani shi ne shekaru, da launi, da danƙo, da tsaga, da fenti mai ɓarewa. Tarhona na da shekarun, yana da jan, kuma na ga ƴar tsaga a wuyan abin riƙewar.

Na jira ta yi barci na ɗauke shi. Da safe gida ya kaure. Yaya ta same ni a zaure ta ce, "Kai da ka kawo, kai kuma ka ƙwace? Ko abokin nan naka ya ce ku sayar?" Na ce wallahi ko dala ɗarin da na biya ba zan mayar ba. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta saurara, sannan ta nuna mini kofin shan ruwan yarinyar, da ƴar tsanar da aka sayo sabuwa a kasuwa ba sunan kowane kamfani a jiki, da takalmin robar da take tauna in an ɗauke ido, ta ce, "Waɗannan fa, ka karanta su?" Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya na juya. Ba shekara, ba gari, ba komi. Tsohon tarhon ne kaɗai a gidan ya faɗi sunansa da na ubangidansa.

Inna ce ta raba rigimar. Ta ɗauko ɗan ƙaramin ludayi na duma, ta zuba tsakuwa cikin wani ɗan gora ta toshe bakinsa da kyau, ta miƙa wa jikarta. Yarinya ta jefar da goran, ta kara ludayin a kunne ta ce, "Alo, Kawu?" tana harara ta.

Tarhon yana kan littattafaina yanzu a ɗakinmu na jami'a, tsakanin ƙamus da butar shayi. Abokina ya daina maganar eBay, amma duk baƙon da ya shigo sai ya nuna mishi 1961 ɗin, ya sa babban yatsa ya rufe sunan Quaker Oats.